Ku taya ni gane kukan kajina kafin a yanka zakaran

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, raina a ɓace yake. Kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 11 sati biyu da suka wuce, yau da safe na ƙirga saura 6. Babu gawa, babu gashi, babu ɗigon jini, kamar ƙasa ta tsage sun shige. A bayan garin Zariya muke, gidan akwai fili ta baya da bishiyar darbejiya guda, katangar kuma ba ta da tsayi sosai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zakaran. Wuni yake yana ihu. Wani lokaci ya ja wata ƙara mai tsawo kamar an taka shi, in fito a guje in tarar babu komai. Wani lokaci kuma duk kajin su haɗu su yi ta kwat-kwat-kwat har kai ya ɗauki ciwo. Na gaji da fitowa a banza, yanzu ko sun yi ba na motsawa. Maigidan ya ce ranar Juma'a a yanka shi a huta, tunda ga ihu ga asara. Kafin in amince nake tambaya: wai kukan nan akwai abin da yake nufi, ko hayaniya ce kawai?

Gwaggon Yara:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya mayar da alheri. Ki ba maigidan haƙuri ya ɗaga wa zakaran nan ƙafa ko da na sati guda ne. Kukan da kika faɗa guda biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke cewa ba. Mai tsawon nan da yake ja kamar ana buɗe ƙyauren ƙarfe mai tsatsa, na sama ne, shirwa ko shaho ya gani. Shi kuwa kwat-kwat-kwat ɗin da suke haɗuwa su yi suna miƙe wuya, na ƙasa ne, mage ko kare ko maciji ko baƙuwar fuska. Tun ina yarinya a gidan kakata muke rarrabe su. In muka ji na farkon ba ma jiran a aike mu, da gudu muke fita tsakar gida muna tafi muna ihu. In na biyun ne sai ta ce a ɗauko sanda a duba gindin rumbu.

Kin ce kina fitowa ki tarar babu komai. To ina kike dubawa?

Maman 'Yan Biyu:
Wallahi Gwaggo ƙasa nake dubawa, bayan buhuna da gindin katanga. Ban taɓa ɗaga kaina ba.

Mai Kajin Gona:
Iyayenmu ku gafarce ni, amma maganar nan ba ta kwanta mini ba. Shekarata 7 ina kiwo, yanzu haka kaji 800 ne a ɗakina. A buga ƙofa da ƙarfi su firgita, leda ta tashi su firgita, ko riga na canja sai su watse. Kaza matsoraciya ce, duk abin da ta gani ihu take yi. Mu ne muke liƙa wa ihun ma'ana bayan abu ya riga ya faru. Hajiya, maganin matsalarki raga ce, ki killace su ki huta. Zakara kuwa in ba ƙwan ƙyanƙyasa kike so ba, hatsinki kawai yake ci.

Baba Mai Zabi:
Ɗana, a cikin 800 ɗin nan nawa ne suka taɓa ganin sararin sama? Ana kawo maka su a kwali suna da kwana ɗaya, su yi sati 6 ko 7 a ƙarƙashin kwano, ka sayar. Ba su san uwa ba, ba su san shirwa ba, babu zakaran da ya balaga a cikinsu. Ba da su za ka auna kazar Hausa mai kwana a kan reshe ta wuni tana tono a juji ba.

Ni a ƙauye nake ta wajen Maraɗi, kuma ba na son mu tsaya ja-in-ja. Ga abin da za ka gwada da kanka. Ka je gidan da ake sakin kaji ka zauna da hantsi. Ka manta da kunnenka tukuna, ka sa ido a kan kajin. In zakara ya ja mai tsawon nan, za ka ga kowace kaza ta lafe, ta karkata kai gefe guda, ido ɗaya yana kallon sama. Wadda take kusa da inuwa ta ruga ta shige. 'Yan tsaki kuwa kafin ka ƙifta ido sun ɓace, wani a ƙarƙashin uwa, wani a gindin turmi, wani ya manne da ƙasa kamar tsakuwa. Sai gidan ya yi tsit, ko motsi babu. In kuwa ɗaya kukan ne, babu mai ɓuya. Kowa ya miƙe tsaye, wuya a sama, ido a kan wuri guda, wasu su haye katanga, kuma ba sa yin shiru sai abin ya tafi. Da tsoro ne kawai marar kan gado, me zai sa yau su lafe su yi shiru, anjima su miƙe su cika gari da ihu?

Malamin Gona:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka ce a gwada an gwada shi, har da na'ura, kuma sakamakon bai saɓa wa maganarka da ta Gwaggo ba.

Asalin kazarmu daga wata kazar daji take ta kudu maso gabashin Asiya. Wani masanin tsuntsaye na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Nicholas Collias, ya daɗe yana bibiyar wannan kazar dajin, a 1987 ya bayyana cewa ya rarrabe kuka iri 24 a bakinta. Akwai na kiran abinci, na uwa da 'ya'ya, na neman wurin ƙwai, na faɗa, na gargaɗi.

Daga baya, a 1993, Christopher Evans da Linda Evans da Peter Marler suka yi gwajin da ya dace da gardamarmu. Suka sa zakara a keji, suka ɗora talabijin a samansa suna nuna masa hoton shaho yana wucewa, sai ya yi mai tsawon. Suka sa wata talabijin a gefensa daidai tsayin idonsa, suna nuna masa rakun, wata dabbar Amurka mai cin kaji da ta ɗan fi muzuru girma, sai ya yi kwat-kwat. Suka naɗi muryoyin biyu. Sannan suka kawo kaza ita kaɗai, babu shaho babu rakun babu zakara, lasifika kawai. Da aka sa mata na farkon sai ta lafe, ta karkata kai tana duba sama, ta nemi mafaka. Da aka sa na biyun sai ta miƙe tana waige-waige a ƙasa. Ba ta ga komai ba, murya kawai ta ji, amma ta san inda za ta duba. Wannan ya amsa maganar cewa mu ne muke liƙa ma'ana. Kazar ce da kanta take fahimta.

Shi Marler ɗin yana cikin waɗanda suka yi irin wannan gwaji a kan wasu birai a Amboseli ta ƙasar Kenya, aka wallafa a 1980, inda aka ga suna da kuka daban na damisa, na mikiya, da na maciji. Da aka ce biri, mutane ba su yi mamaki sosai ba. Ta kaza ce ta ba da mamaki, don an daɗe ana raina ta.

Mai Kajin Gona:
Malam na ji, kuma na karɓi maganar lasifikar, ban san da ita ba. Amma tambayar Hajiya tana nan. Ta ce sau da yawa tana fitowa babu komai. Ko da ta ɗaga kai, kana nufin duk ihun da ya yi shirwa ce? Mai gadin da yake tashinka sau goma a dare, tara a banza, ai sallamarsa za ka yi.

Malamin Gona:
Ba duka ba ne, gaskiyarka. Su kansu masu binciken da suka zauna suna kallon kaji a fili sun ga zakara yana yi wa tsuntsayen da ba sa cin kaza. Ba sunan tsuntsu yake kira ba, girman abin da saurinsa a sama ne suke tayar masa. Shi ya sa tantabara in ta yanko ƙasa-ƙasa da gudu, ko hankaka, ko leda da guguwa ta ɗauka, duk zai iya yi musu. Amma ka duba lissafin daga wajen kaza. In ta lafe a banza, ƙwayar hatsi biyu ta rasa. In ta ƙi lafewa sau ɗaya kuma abin ya zama gaske, ɗan tsako ya tafi ke nan. Tsakanin ganin shaho da saukarsa babu lokacin tantancewa.

Gwaggon Yara:
Kuma ko shi mai tsawon ba kullum yake fita iri ɗaya ba, ku saurara da kyau. In abin yana can ƙololuwa yana shawagi, a maƙogwaro yake yin sa, ƙasa-ƙasa, krrrr, kajin su ɗan tsaya su duba su ci gaba da tono. Wannan ba sai kin bar girkinki ba. In kuwa ya fasa shi da ƙarfi lokaci guda, kika ji fuka-fukai fa-fa-fa, sannan shiru ya biyo baya, to ki yar da muciyar ki fita. Ni shirun ne ma yake tayar mini da hankali fiye da ihun.

Amaryar Bana:
Don Allah iyaye ku yi haƙuri in sako tawa. Kaji uku aka ba ni, ban taɓa kiwo ba. Kullum wajen ƙarfe goma na safe ɗaya tana fitowa daga bayan buhun gawayi tana kwat-kwat-kwat-kwaaak, zakaran maƙwabta yana amsa mata ta katanga. Da na karanta maganar Gwaggo sai gabana ya faɗi. Maciji ne a bayan buhun?

Gwaggon Yara:
Kwantar da hankalinki ƙanwata, kyarkyara ce. Ki leƙa bayan buhun da fitila, in sha Allahu ƙwai za ki tarar. Amma tambayarki tana kan hanya, don kyarkyarar bayan ƙwai da kukan abin ƙasa sun yi kama ƙwarai, ni ma in ina ɗaki wani lokaci sai na leƙo nake bambancewa. Ga yadda za ki gane. Mai ƙwai ita kaɗai take farawa, tana tafe tana yi, ba wuri guda take kallo ba, sauran kajin kuma tononsu suke ci gaba da yi ko da sun amsa mata. In abin tsoro ne kowa zai bar abin da yake yi, duk kawunan su juya wuri ɗaya. Ki bi inda bakunansu suka nuna, nan abin yake.

Amaryar Bana:
Na duba yanzu. Ƙwai huɗu! Na gode Gwaggo, Allah ya saka da alheri.

Ladanin Unguwa:
Ma sha Allah. Ni ba masanin kiwo ba ne, tunatarwa ce kawai. A cikin Suratun Namli Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya faɗa wa mutanensa cewa an sanar da su maganar tsuntsaye, ya lissafa ta cikin falalar da aka yi masa. Ke nan tsuntsu yana da abin da yake faɗa, mu ne ba a ba mu cikakken saninsa ba. Sannan ya zo a hadisi an hana zagin zakara, domin yana tayar da mutane salla. Yanka shi halal ne, babu mai cewa a'a. Sai dai 'yar'uwa, kada a yanka shi da fushi a kan laifin da ba a tabbatar nasa ba ne.

Gwaggon Yara:
Ina so in ƙara wani abu, don na ga an tattara yabo duk an ba zakara. Zakara yana gani ya faɗa, amma wa yake tsayawa? Uwar ce. Ba banza ba aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Kazar da ba ta da 'ya'ya in ta ga abu a sama lafewa take ta yi shiru abinta. Amma ranar da ta ƙyanƙyashe sai ta zama wata daban, idonta rabi a ƙasa rabi a sama, kuma da bakinta take yin gargaɗin. Na taɓa ganin wata 'yar ƙaramar kaza tawa mai wake-wake ta yi tsalle ta tari shirwa a iska, gashi ya tashi, shirwar ta tafi hannu rabbana. Zakaran yana ƙarƙashin amalanke a lokacin.

Baba Mai Zabi:
Hajiya Gwaggo, ban ƙi taki ba, uwa uwa ce. Amma a yi wa zakara adalci. Uwa kanta a sunkuye yake, tana tono tana kiran 'ya'ya. Shi ne yake tsaye a kan turmi ko bakin katanga, ci kaɗan kallo da yawa. Sau nawa na watsa gero, zakarana ya ɗauki ƙwaya ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye, yana tuk-tuk-tuk yana kiran matan, shi bai haɗiya ba. Wanda yake tsaye shi yake fara gani. Kuma wanda ya buɗe baki shi ya nuna wa shaho inda yake.

Malamin Gona:
Ku duka biyun akwai bincike a bayanku. Marler da abokan aikinsa sun gano tun shekarun 1980 cewa zakara in yana shi kaɗai ya ga shaho, galibi shiru yake yi ya lafe. Sai in akwai kaza kusa da shi yake yawan yin kukan. Da aka ajiye masa wani tsuntsu da ba jinsinsa ba, bai damu ya gargaɗe shi kamar yadda yake yi wa kaza ba. Wato ba firgita ce take fizgo kukan daga bakinsa ba, yana duba ko akwai wanda zai faɗa wa. Na ƙasa kuwa, kwat-kwat ɗin, kaza da zakara duk suna yi, ko da mai ji ko babu, domin shi har da dabbar ake yi wa: mun gan ka, kada ka wahalar da kanka. Mage da laɓe take kamu, in an gan ta farauta ta lalace. Evans ya ci gaba da wannan aiki a Jami'ar Macquarie ta birnin Sidni a Ostareliya, inda ɗalibansa suka ga zakara ya fi sakin murya in yana kusa da mafaka, abin da Gwaggo ta gani a ƙarƙashin amalanke ke nan.

Ta wajen uwa kuma, a 2011 Joanne Edgar da abokan aikinta a Jami'ar Biristol ta Ingila sun riƙa hura wa 'yan tsaki iska kaɗan don su ɗan takura, uwar tana kallo. Ba a taɓa ta ba, amma bugun zuciyarta ya ƙaru, ta daina gyaran gashi, ta tsaya cak tana kiran su.

Ɗan Damagaram:
Duk maganar da kuke ta rana ce. Ku yi wa Hajiya bayanin dare, don nan na sha kashi. Kaza ba ta gani sosai in duhu ya yi, in ta hau makwanci sai ka sa hannu ka ɗauke ta ba ta ce uffan ba. Bara wani abu ya riƙa shigar mini akurki, ko tunku ne ko muzuru, kaji 5 a dare uku. Babu kwat-kwat, babu gargaɗi. Abin da na ji a dare na uku kawai shi ne ƙara ɗaya, kwaaak kwaaak, irin wadda kaza take yi in ka kama ƙafarta za ka kai kasuwa. Wannan ba gargaɗi ba ne, an riga an kama ta. Kafin in sa takalmi an gama. Da safe na ga ramin da aka tona ta ƙarƙashin ƙofa, faɗinsa bai fi tafin hannu ba.

Saboda haka Hajiya ki ƙirga su da magariba in kin rufe, ki sake ƙirgawa da safe kafin ki buɗe. In da dare suke raguwa, zakara ba shi da abin da zai yi miki, gyaran akurki ne. In da rana ne, to ki koma ga maganar su Baba.

Baba Mai Zabi:
Wannan shawara ta fi duk abin da muka faɗa. In ƙara da cewa mai fili ya haɗa da zabi ko biyu ne. Zabo bai san kara ba, ko baƙon kare ne ya gifta a nesa sai unguwa ta ji, kuma kaji suna gane kukansa su ɗauki mataki. Sai dai a cikin gari maƙwabta ba za su gode maka ba.

Maman 'Yan Biyu:
Jama'a na dawo, kwana biyu ke nan. Maigidan ya yarda an ɗaga yankan. Na yi yadda Yayana na Damagaram ya ce, 6 da magariba, 6 da safe, dare lafiya lau. Jiya na ɗauko tabarma na zauna a gindin darbejiya ina tsintar shinkafa. Wajen sha ɗaya zakaran ya ja mai tsawon nan, na ɗaga kai, sai ga ta. Ja-ja-baƙa haka, wutsiyarta a rabe kamar bakin almakashi, tana juya ta tana shawagi daidai saman filinmu. Uwar ta baje fuka-fukai, huɗu suka shige, biyu suka manne a gindin katanga ba sa ko motsi. Na tashi ina ihu ina kaɗa faifai, ta yi sama ta tafi. Jikina har rawa yake. Sati biyu bawan Allahn nan yana faɗa mini, ni kuma ina duba bayan buhu.

Gwaggon Yara:
Alhamdu lillahi. Shirwa ce, wutsiyar ta nuna. Da shaho ne ba za ki same shi yana shawagi haka ba, shi a cikin bishiya yake fakewa ya yanko ƙasa-ƙasa kamar an harba kibiya. Yanzu abin yi: ba za ki wuni a tabarma kullum ba. Ki kife uwar da 'ya'yan a babban kwando ko akurkin kara, ki riƙa ba su tsaki da dusa da ruwa a ciki, in kin samu gara ki ƙara musu, har su yi wata guda ko fiye, gashi ya fito. In za ki sake su, sai lokacin da kike tsakar gidan. Sannan filin nan naki ya yi fayau da yawa. Gargaɗi ba ya amfani in babu wurin gudu. Ki samu tsohuwar zana ko guntun kwano ki ɗora a kan duwatsu, tsayin taƙi ɗaya daga ƙasa, wuri biyu ko uku a tsakiyar filin, yadda duk inda ɗan tsako yake taku kaɗan zai kai shi inuwa.

Sabon Shiga:
Ni a ganina a huta gaba ɗaya. A samu mataccen ɗan tsako a barbaɗa masa maganin ɓera a ajiye a kan katanga, shirwar ta ɗauka ta ci, shi ke nan.

Baba Mai Zabi:
A'a ɗana, kada ka koya wa mutane wannan. Ba ka da iko a kan wanda zai ɗauka. In ya faɗo cikin gida kajinta ne za su fara caccaka, ga mage, ga kare, ga yara 'yan biyu masu rarrafe. In shirwar ta ci ta je ta mutu a daji, duk abin da ya ci gawarta ya bi ta. Da ina saurayi ungulu cike suke da mahautar garinmu, yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, kuma guba tana cikin abin da ya ƙarar da su. Sannan ka kashe wannan shirwar, gobe wata ta zo, sama ba ta da ƙofa. Ita ma tana rage mana ɓeraye da fara. A kare 'yan tsakin kawai.

Mai Kajin Gona:
A nan ina bayan Baba ɗari bisa ɗari, guba ba ta shiga inda ake kiwo. Kuma ku lura, maganar ta dawo kan abin da na faɗa tun farko, a killace. Na yarda zakaran yana faɗar gaskiya, amma kwandon ne zai tsare su. Wani abu kuma daga ɓangarena: akwai sautin da ba gargaɗi ba ne amma ya fi shirwa ɓarna. In kuka ji kaza tana minshari ko kurkur a maƙogwaro da dare, tana buɗe baki tana jan numfashi, ku ware ta nan take ku nemi malamin dabbobi. Shirwa ɗaya take ɗauka, cutar kaji ta Niyukasal kuwa, wadda takan zo da irin wannan alama, akurki take sharewa. Akwai rigakafinta, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yi, har da irin wanda ake ɗiga wa kajin gida a ido.

Maman 'Yan Biyu:
Na sake dawowa, kuma ashe ɓarayin biyu ne. Yau bayan la'asar, an ɗauke ruwan sama ke nan, na sake su su ɗan sha iska ina wanke-wanke. Sai kwat-kwat-kwat ya tashi, duk kajin. Da a da ne sai in ce sun fara. Na tuna maganar Gwaggo, na duba inda bakunansu suka nuna. Duk rariya suke kallo, inda ruwan wanka yake fita ta gindin katanga. Uwar ta kumbura ta zama biyu, ta ja 'ya'yan baya, zakaran yana gaba yana takawa gefe-gefe. Na tsaya ban motsa ba. Can sai ga kai ya leƙo, harshe yana fita yana komawa. Na ɗauka maciji ne, na kwala wa almajirinmu kira. Da ya fito rabi sai muka ga ƙafafu. Guza ne, ya kai tsawon hannuna har kafaɗa, ban da abin da ya rage a cikin rariyar. Da ya ji motsinmu ya koma da baya, yaron ya zagaya ya ga ya shige ciyawar da take gangarawa rafi.

Yanzu ban san wa ya ci nawa ba tsakaninsa da shirwar. Mun toshe rariyar da guntun raga da dutse. 'Yan tsaki 6 suna nan, an yi rumfunan zana biyu. Maigidan da kansa ya watsa wa zakaran dawa da yamman nan.

Baba Mai Zabi:
Barka 'yata. Guza haɗiye ɗan tsako yake ɗungurungum, shi ya sa ba ki ga gashi ba, kuma ƙwai ma ba ya bari. Tunda ya san hanya zai dawo, kuma yana hawa katanga, dutse kaɗai ba zai tsare shi ba. A ɗaure ragar da waya a kafe ta da ƙusa, a sassabe ciyawar bayan katangar ko taku goma ne, a duba ko akwai reshe ko tarin bulo da ya jingina da ita ta waje. Damina ce lokacinsa.

Amaryar Bana:
Gwaggo, tawa mai ƙwan yau ta ƙi fitowa daga bayan buhun. Na miƙa hannu sai ta kumbura ta yi wani gurnani, krrrr, ta sare ni a yatsa. Wannan kuma na sama ne ko na ƙasa?

Gwaggon Yara:
Wannan naki ne, cewa take ki janye hannunki. Kwanci ta fara. Ki ƙirga kwana 21 daga yau, ki ajiye mata ruwa da hatsi kusa, kada ki riƙa ɗaga ta. Ki sa a nemo miki kwandon tun yanzu, kuma ki je ki duba rariyarku.